Littafi 24 na ɗaukar wa kaina, 21 na sauke

A daren da shekarar 2023 za ta fita na ɗauko sabon littafin rubutu mai warƙa 60, irin wanda muke sa ɗalibai su saya, na ɗora rula na raba shafin farko gida biyar. Gidan farko sunan littafi, na biyu ranar da na fara, na uku ranar da na sauke, na huɗu yawan shafukansa. Na biyar na bar shi da faɗi, don nan ne zan riƙa rubuta abin da littafin ya bar mini a rai. Can sama na rubuta 24 na kewaye ta da jan biro. Littafi biyu ke nan kowane wata, kuma na ƙudurta duka za su zama ƙagaggun labaran kimiyya.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Kano. Kullum bakina yana kan yara su riƙa karatu, amma da na zauna na ƙirga littattafan da na karanta daga bango zuwa bango a 2023, uku kacal na samu. Sauran lokacin waya ta cinye shi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, kuma na san halina: in ban sa wa abu adadi da rana ba, gobe ce za ta yi ta ja na har shekara ta ƙare.

Abin da ya ja ni ga labaran kimiyya kuwa shi ne dokar da marubucinsu yake ɗaure kansa da ita. A tatsuniya aljani zai sunkuce ka daga Kano ya dire ka bayan dutsen Ƙaf kafin ka ƙifta ido, babu mai tambayar yadda aka yi. A nan in marubuci ya ce zai kai ka duniyar Mars, dole ya gaya maka wata nawa za ka yi a hanya, me za ka shaƙa, ina za ka samu ruwa. Yakan ɗauki abin da ilimi ya tabbatar, ya ƙara masa "da a ce" guda ɗaya, sannan ya bi sawunta har inda ta kai shi.

Kafin in kwanta na yi lissafi. In aka ɗauka kowane littafi shafi 350 ne, 24 sun kama shafi 8,400. Shekarar 2024 kwana 366 gare ta, wato shafi 23 kullum. Kusan dukansu da Turanci zan karanta su, kuma shafi guda yakan ci mini kusan minti uku in ban tsaya duba ƙamus ba. Awa ɗaya da 'yan mintoci ke nan. Na raba ta biyu, minti 40 bayan sallar Asuba kafin gida ya tashi, ragowar bayan Isha. In a waya zan karanta, sai na kashe data tukuna.

Samun littattafan ma aiki ne. A farkon shekarar dala ta haura naira 1,500, sabon littafi daga waje ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Saboda haka na fara da tsofaffin da haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, waɗanda ake samu kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Wasu na tsince su wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari, inda sai ka ɗaga littattafan lissafi da na koyon jinya guda ashirin kafin ka ci karo da abin da kake nema. Sababbin kuma ƙanena da ke aiki a Legas ya riƙa saya yana aiko mini da ɗaya-ɗaya.

Janairu da Fabrairu sun tafi lafiya lau. Na karanta labarin Jules Verne na 1865 inda aka harba mutum uku zuwa wata daga jihar Fulorida, shekara 104 kafin kumbon Apollo 11 ya tashi daga wannan jihar da mutum uku a cikinsa. Na karanta labarin Andy Weir na mutumin da aka baro shi kaɗai a Mars, yana noman dankalin turawa yana ƙirga abincinsa kwana-kwana. A can yini da dare awa 24 ne da minti 39, saƙo kuma yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya iso duniya, gwargwadon inda kowace take a kan falakinta. Wannan na cinye shi a kwana shida.

Amma wanda ya fara sa ni cika gida na biyar har na tsallaka bayan shafi shi ne The War of the Worlds na H. G. Wells, wanda ya fito a 1898. Wasu halittu ne daga Mars suka sauka kusa da Landan da makaman da babu wanda ya taɓa ganin irinsu, suka tarwatsa sojojin daular da ta fi kowace ƙarfi a lokacin, mutane suka watse a kan hanya da yara da kaya a ka. Tun a babin farko marubucin ya tunatar da 'yan ƙasarsa abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, ya ce kafin su zargi baƙin su tuna da nasu. Ina karantawa ina lissafi: shekara biyar bayan fitowar littafin, a Fabrairun 1903, sojojin Ingila suka tsaya a bakin ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa. Abin da Wells ya ƙaga don ya tsorata mutanen Landan, kakanninmu sun gan shi da idonsu. Na taso ina bi ta ƙofofin nan, amma sai da wani Bature ya juya labarin ya sa nasa mutanen a ƙasa sannan na ji nauyinsa a jikina yadda ya kamata.

Ran 11 ga Maris aka tashi da azumi, ina da littafi shida, na wuce lissafina. Na rufe littafin rubutun na sa shi a aljihun tebur, don tun asali na san ba zan haɗa watan Ramadan da ƙagaggen labari ba. Lokacin Asuba ya koma na tilawa, na dare ya koma na tarawihi da tafsiri. A cikin watan ne wani abu ya faɗo mini. Wannan tsarin na ɗaukar abu mai yawa a yanka shi kashi-kashi a bi shi kullum, wanda nake gani kamar sabon abu na koyo, ai da shi aka raine mu. Izu 60, biyu kullum, ka sauke a kwana 30. Ba ina kwatanta littafin Allah da labarin ɗan Adam ba ne, nesa ba kusa ba. Tarbiyyar nake nufi. Malamin da ya koya mana allo ba ya tambayar allo nawa ka wanke, cewa yake ka biya, in ka yi gargada ka koma. Da na riƙe wannan tun a lokacin da ban shiga abin da na shiga a watan Yuni ba.

Aka yi Sallah ran 10 ga Afrilu, na buɗe aljihun tebur, na ɗauko Dune na Frank Herbert. Littafin 1965 ne, kamfanonin ɗab'i da yawa sun ƙi shi kafin wani kamfani da aka sani da buga littattafan gyaran mota ya karɓa. Duniya ce da babu komai a cikinta sai rairayi, babu ruwan sama ko ɗigo. Mutanen hamadar suna sa wata riga da ke tattara gumi da numfashi da duk wani danshin jiki ta tace shi su sake sha. In mutum ya tofa yawu a gabanka girmamawa ce, don ya ba ka ruwan jikinsa. In ya yi wa mamaci kuka sai mutane su tsaya suna kallo da mamaki, don ya zubar da abin da ya fi kowace dukiya tsada. Na karanta wannan a tsakiyar zafin Afrilu da Mayu, ina zaune a tsakar gida da singileti, ina kasa kunne ko zan ji ƙarar kurar ɗan garuwa a lungu. Ranar da bai zo ba, uwargida takan auna ruwan wanke-wanke da kofi. Babu wani bayani da nake buƙata a kan mutanen nan.

Wani abin kuma, littafin cike yake da kalmominmu na addini. Akwai Mahdi, akwai jihadi, akwai lisanul gaibi, har bila kaifa da muka koya a karatun tauhidi tana ciki, an mai da ita kamar amin. Zuciyata ta rabu biyu a kan wannan. Na ji daɗin ganin mutum ya hango shekaru dubbai nan gaba bai ga Turawa kaɗai a can ba. Amma wanda mutanen hamadar suke jira ya cece su ɗan sarauta ne daga wata duniya mai teku, kuma an riga an shuka musu labarin zuwansa tun da daɗewa don a yi amfani da imaninsu. Daga baya na fahimci marubucin gargaɗi yake yi a kan bin gwarzo ido rufe, kuma gargaɗin ya zauna mini, amma har na sauke ban daina jin kamar an ɗauki tufafin gidanmu an sa wa baƙo ba. Mako biyar na yi a kansa. Ban yi da-na-sanin ko kwana ɗaya ba, sai dai lissafi ya baro ni: tsakiyar Mayu ina da bakwai, ya kamata a ce tara.

Na bi shi da Foundation na Isaac Asimov, na 1951, inda wani masanin lissafi ya hango faɗuwar daula, ya tsara yadda za a rage zamanin duhun da zai biyo baya daga shekara 30,000 zuwa 1,000. Duk tsawon karatun masanin tarihin nan Ibn Khaldun nake tunawa da bayaninsa a kan yadda dauloli ke tasowa su tsufa. Mayu ta ƙare ina da takwas, lissafi yana neman goma.

Nan ne lambar nan da na kewaye da jan biro ta fara mulkina. Na daina tambayar wane littafi nake so, na koma tambayar wanne ne ya fi sirara. Na tara gajeru guda biyar, kowanne bai fi shafi 100 zuwa 150 ba, na bi ta kansu a mako uku. Ina karantawa idona yana kan lambar shafi. Ƙarshen Yuni na rubuta 13, na wuce lissafi da ɗaya, na ji sanyi a raina.

Babbar 'yata, wadda ke aji uku na ƙaramar sakandare, ita ce take ɗauko mini littafin rubutun in na manta inda na ajiye. Ran nan ta buɗe tana dubawa, ta nuna ɗaya daga cikin biyar ɗin da yatsa.

"Abba, wannan labarin me ye a cikinsa?"

Binti ne na Nnedi Okorafor, wanda ya ci kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan labaran kimiyya, a 2016. Na ce mata wata yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya, mai baiwar lissafi, ta gudu daga gida za ta jami'a a wata duniyar. Ta ce, "To sai me ya faru?" Na ce an kai wa kumbonsu hari. "Ita ta tsira? Ta yaya?" Na yi shiru. Kwana goma sha biyu ke nan da na rubuta cewa na sauke shi.

"Abba, ai nan ma ba ka rubuta komai ba," in ji ta, tana nuna gida na biyar. Gaskiya ne. Daga na tara har na goma sha uku gidan fari fat yake.

Daren nan ban yi karatu ba. Na ga cewa abin da na gudu daga gare shi, wato jan yatsa a kan waya ana wuce abu ba a riƙe komai ba, shi na dawo ina yi da takarda. Washegari na sake ɗaukar Binti daga farko, a hankali. Sai ga abin da na tsallake: jar ƙasar da matan Himba ke cuɗawa da mai su shafa a jiki da gashi, wadda sauran fasinjoji ke yi wa kallon ƙazanta, tana cikin abin da ya buɗe ƙofar sulhu, don ta warkar da raunin ɗaya daga cikin maharan. Yarinyar da ta bar gida ba da yardar iyaye ba ta tarar abin da ta ɗauko daga gida shi ne ya tsaya mata. Na ba 'yata labarin tun daga farko har ƙarshe a kan tabarma, sannan na cika gidan. Ban ƙirga shi sau biyu ba.

Daga ranar na sa wa kaina doka biyu. Ba zan rubuta ranar saukewa ba sai na iya ba wani labarin da Hausa ba tare da na buɗe littafin ba. Kuma duk littafin da na kai shafi 60 bai riƙe ni ba, zan ajiye shi, ba zan ja shi don lamba ba. Biyu na ajiye a haka kafin shekara ta ƙare. Dokar farko ta fi wuya, don fassarar baki tana tona asirin abin da ba ka gane ba. Kumbo da 'yan sama jannati da tauraron ɗan Adam da mutum-mutumi duk muna da su, rediyo ta daɗe da ba mu. Amma in ka zo bayyana wa yaro dalilin da ya sa wanda ya yi tafiya da gudun da ya kusa na haske zai dawo ya tarar ƙannensa sun girme shi, a nan za ka san ko ka fahimta ko kuwa kalmomin Turancin ne kawai suka wuce ta idonka.

Akwai littafin da na ɓoye tun Fabrairu ina jiran ranarsa. Parable of the Sower na Octavia Butler ya fito a 1993, amma labarin ya fara ne ran Asabar 20 ga Yuli 2024, kuma a ranar na buɗe shi. Yarinya ce mai shekara 15, 'yar limamin coci, a wata unguwa da aka kewaye da katanga kusa da birnin Los Anjelis. A wajen katangar babu doka. Ruwa ya fi fetur tsada, 'yan sanda sai an biya su kafin su duba ƙara, maza suna kwana sintiri, ita kuwa ta haɗa jakar gudu ta ɓoye don ta san katangar ba za ta dawwama ba. Addinin da yarinyar ta ƙirƙiro wa kanta ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma na rubuta haka a gida na biyar. Amma sauran abin ba hasashe ba ne a wurina. Ina da ɗalibai da iyayensu suka baro ƙauyukansu da dare da abin da hannu ya iya ɗauka. Ina tsakiyar littafin aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa ran 1 ga Agusta, aka sa dokar hana fita a Kano. Muka wuni a gida ƙofa a rufe, ina karanta yadda aka ƙone unguwar yarinyar ta kama hanyar arewa a ƙafa. Sau biyu na ajiye shi na fita tsakar gida na tsaya. Wannan kaɗai ne a duk shekarar na ƙi ba yara labarinsa. Uwargida na ba.

A Satumba na shiga The Three-Body Problem na Liu Cixin ɗan ƙasar Sin, wanda fassararsa ta Turanci ta ci kyautar Hugo a 2015, karo na farko da fassararren littafi ya ci ta a rukunin dogon labari. Wasu halittu ne da ke zaune a duniya mai rana uku, a taurarin da suka fi kusa da mu. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga rana zuwa nan minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi, amma daga can sai ya shekara huɗu da ɗoriya. Jiragensu kuwa shekara 450 za su yi kafin su iso. Tambayar da ta kama ni ita ce, me mutane za su yi da bala'in da suka tabbatar yana tafe amma ba su ne zai tarar ba, ba 'ya'yansu ba, ba jikokinsu ba? Na kai tambayar aji. Muna kan darasin Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba sun yi magana ranar. Wani ya ce shi zai shuka itace, wani ya ce wanda ba a haifa ba ba shi da haƙƙi a kansa, aji ya kaure har aka kaɗa ƙararrawa.

Na kuma karanta Noor na Okorafor, wadda ta sa labarinsa a Arewacin Najeriya ta nan gaba, da guguwar rairayi da ba ta lafawa da wani makiyayi Bafulatani da ake farauta bisa laifin da ba nasa ba. Na yaba mata da ta ba makiyayi fuska da zuciya a lokacin da ake yi musu kuɗin goro. Amma ana jin cewa daga waje aka leƙo mu, har a sunayen mutane. Na rufe shi ina tambayar kaina ina namu marubutan, masu cika wayoyin mata da maza da labarai kullum, da ba su ɗaga kai sama ba.

Amsar ta zo mini ta inda ban zata ba. A tsakiyar Oktoba aka sanar cewa za a ga tauraruwa mai wutsiya a yamma bayan faɗuwar rana, wadda masu nazarin taurari a Sin da Afirka ta Kudu suka gano a 2023 aka sa mata Tsuchinshan-ATLAS. Na ɗauki yara a babur bayan Magariba muka fita bayan gari inda babu fitilu. Zara tana ta ƙyalli a yamma, daga hannun damanta kuma ga wani ɗan haske dishi-dishi da jela a miƙe sama. Ƙaramin ya ce, "Abba, wutsiyar ke nan?" Yana faɗin haka wani bangon littafi ya faɗo mini a rai, wanda rabona da shi ya fi shekara 30.

Washegari na je gida na gaida mahaifiyata. Na ce, "Hajiya, akwatin littattafan Malam yana nan kuwa?" Ta ce, "Yana ƙarƙashin gado inda ya bar shi, Allah ya jiƙansa. Me za ka ɗauka?" A ƙarƙashin tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo na same shi, gara ta ɗan taɓa gefensa: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a Zariya a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Labarin yaro Kilba ne da baƙon da ya zo masa daga sama ya tafi da shi. Ina aji huɗu na firamare na karanta shi a zauren gidanmu, kuma na manta sarai cewa nan abin ya fara. Na yi wata tara ina bin Turawa da Sinawa da 'yan Amurka zuwa taurari, ashe wanda ya fara kai ni can Bahaushe ne, da harshen da nake mafarki da shi.

Bayan kamar mako guda wuta ta ɗauke a mafi yawan jihohin Arewa, aka yi sama da mako babu ita. Waya ta mutu, masu cajin kuɗi layi ya yi musu yawa, littattafan da ke cikin wayar suka zama kamar babu su. Sai muka koma tabarma da fitila mai cajin rana. Kowane dare bayan Isha nakan karanta musu 'yan shafuka da ƙarfi, ba fassara, ba tsayawa neman kalma. 'Ya'yan maƙwabta suka fara shigowa, har uwargida ta riƙa barin kwanukan dare sai an tashi. In na rufe littafin sai mu ɗaga kai, gari duhu ƙirin, taurari sun fito fiye da yadda yaran suka taɓa gani, in nuna musu Kaza da 'Ya'yanta tana tasowa daga gabas. Shi ne na 18 a lissafi, kuma shi ne mafi sirara a duk shekarar, amma gidansa na biyar ya ci shafi biyu.

Nuwamba da Disamba aikin jarrabawa ya taso, ga makin takardun yara sama da 200. Na sauke uku. Ran 20 ga Disamba ina da 21, saura kwana 11, kuma akwai gajeru uku a kan tebur da zan iya bi ta kansu in cike 24. Na duba su, na ɗauki The Dispossessed na Ursula Le Guin, na 1974, wanda na san ba zai ƙare kafin shekara ba. Labarin wani masanin kimiyya ne daga busasshiyar duniyar da babu mai mallakar komai a cikinta, har harshensu yana guje wa "nawa" da "tawa", yaro ba ya cewa hankicina sai dai hankicin da nake amfani da shi. Na yi kwana biyu ina gwada yin magana haka da Hausa a zuciyata, in ga yadda gidana da 'yata da ƙasarmu za su koma.

Daren 31 ga Disamba na ɗauko rula na buɗe sabon shafi. A sama na rubuta 18, na faɗaɗa gida na biyar har ya kusa cin rabin shafin, na ƙara wani ɗan gida a gefe na rubuta "wa na ba labarin". Layin farko na sa The Dispossessed, ranar farawa 20 ga Disamba, ina shafi na 212. Ina cikin ja 'yata ta zo ta tsuguna kusa da ni da nata sabon littafin rubutun.

"Abba, in ka gama ka ara mini rular. Shida zan rubuta."

Na ce, "Da wanne za ki fara?"

Ta ce da na Kakanta, don ranar da aka karanta ƙarshensa barci ya ɗauke ta.